Shayan: Garin Da Jirgin Ƙasa Ya Haifa

Galibin garuruwan da muke karantawa cikin labarin ƙasa, in ka bi asalinsu, za ka tarar ko dai wani maharbi ne ya sauka gindin wata kuka, ko wani sarki ne ya ga dutsen da zai tsare shi daga abokan gaba, ko kuwa fatake ne suka mai da bakin wani kogi zango har ya zama kasuwa. Garin da za ku ji labarinsa yau ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ba kogin kirki, ba inuwa, ba ƙasar noma, ba ma'adini. Lissafi ne ya kafa shi, lissafin wani injiniya mai neman inda jirgin ƙasa zai hau dutse bai gaza ba. Sunan garin Shayan, amma in kun duba taswira za ku ga an rubuta Cheyenne. Shi ne babban birnin jihar Wayomin, a yammacin Amurka.

Kafin mu shiga garin, bari mu dubi ƙasar da yake zaune a kanta. In mutum ya tashi daga Omaha, a bakin Kogin Misuri, ya sa gabansa yamma, zai yi tafiyar mil 500 da 'yan kai cikin fili fetal, ba dutse, ba kurmi, sai ciyawa iyakar ganin ido. Itace sai a bakin rafi. Matafiyi gani yake ƙasar shimfiɗe take kamar tabarma, ashe hawa yake yi bai sani ba, misalin ƙafa goma cikin kowane mil. Omaha tana bisa teku da wajen ƙafa 1,000, amma kafin a kai Shayan an wuce ƙafa 6,000. Watau garin ya ɗara Jos tudu da kusan ƙafa 2,000, ga shi kuwa in ka tsaya tsakiyarsa ba ka ce kan tudu kake ba. Ruwan sama kaɗan ne, inci 15 ko 16 a shekara, wajen rabin abin da Kano ke samu. Da hunturu ƙanƙara ke zuba kamar audugar rimi, ta rufe ƙasa. Iska kuwa ba ta san rani ba, ba ta san damina ba, kullum kaɗawa take, don ba abin da zai tare ta. Yamma da garin kaɗan filin ya ƙare, Duwatsun Roki suka tashi, suka ratsa ƙasar daga arewa zuwa kudu.

Filin nan da masu shi. Kabilu ne na 'yan asalin ƙasar, waɗanda Turawa suka laƙaba wa suna Indiyawa bisa kuskure. A wannan yanki manyansu su ne Shayan da Arapaho, ga kuma Lakota daga arewa. Mahaya dawaki ne, ba su zama wuri ɗaya, zaman duniyarsu duka ya rataya ga wata irin ɓauna mai tozo da gashi buzu-buzu, wadda a farkon ƙarni na 19 take yawo cikin filin nan miliyoyi barkatai. Namanta ne abinci, fatarta ce tufa da ɗaki, ƙashinta ne kayan aiki, har kashinta in ya bushe shi ne makamashi, tun da ba itace. A 1851 gwamnatin Amurka ta ƙulla alkawari a rubuce da kabilun nan, ta yarda cewa ƙasar da ke tsakanin Kogin Platte na Arewa da Kogin Arkansas ta Shayan ce da Arapaho. Inda garin yake a yau yana cikin wannan ƙasa. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa.

A 1862, ana tsakiyar yaƙin basasa tsakanin jihohin arewa da na kudu, Shugaba Abraham Lincoln ya sa hannu a dokar shimfiɗa hanyar jirgi wadda za ta haɗa gabas da Kalifoniya. A lokacin, mai son zuwa Kalifoniya sai ya yi wata huɗu zuwa shida cikin keken shanu, ko kuwa ya zagaya ta teku. Aka ba kamfani biyu aikin. Central Pacific ya taso daga Kalifoniya ya yi gabas, Union Pacific ya taso daga Omaha ya yi yamma, su gamu a tsakani. Abin da gwamnati ta ba su rance ne da ƙasa. Kowane mil da suka gama a fili, rancen dala 16,000. A cikin duwatsu, dala 48,000. Ban da haka, bayan an gyara dokar a 1864, kowane mil yana jawo wa kamfani ƙasa murabba'in mil 20 kyauta, dama da hagun hanya. To, kun ga kamfani ba jirgi kaɗai ya sa gaba ba. Yana da ƙasa mai ɗimbin yawa wadda ba ta da daraja sai an sami mutane a kanta, saboda haka kafa garuruwa da sayar da filaye ya zama wani reshe na cinikinsa.

Yanzu ga lissafin da na ambata. Jirgin ƙasa ƙarfe ne ke gudu bisa ƙarfe, shi ya sa kai ɗaya ke iya jan taragai masu yawa a fili, don santsi ya rage masa wahala. Amma santsin nan shi ne abokin gabansa wajen hawa. Tudun da jaki zai hau da kaya yana kaɗa kunne, jirgi in ya zo sai ƙafafunsa su yi ta juyawa wuri ɗaya. Doka ta ce kada hawa ya wuce ƙafa 116 cikin mil guda. Mutanen Denba, garin da ya fi kowane girma a yankin tun da aka sami zinariya kusa da shi, sun so ƙwarai hanya ta bi ta kansu. Sai dai duwatsun da ke bayan Denba sun tashi tsaye kamar ganuwa, ƙofofin da ke cikinsu sun wuce ƙafa 11,000.

Wajen mil 100 arewa da Denba akwai wani abin mamaki. Tun zamanin da, ƙasar da ruwa ya yi ta kwasowa daga kan duwatsun ta taru a gindinsu har ta kusa binne su. Daga baya koguna suka zaizaye ta, suka bar duwatsun tsirara, da gangare mai tsanani. A nan ne zaizaya ba ta ci ba. Wata 'yar siririyar ƙasa ta rage, ta miƙe daga fili har kan dutse, kamar katakon da ake jinginawa a hau da buhuna cikin tarago. Mutanen wurin ma da irin sunan nan suke kiranta, wai katakon hawa jirgin ruwa. Babban injiniyan Union Pacific, Janar Grenville Dodge, ya rubuta daga baya cewa shi ya gano ta a 1865, sa'ad da mayaƙan Indiyawa suka tare masa hanya ya biyo ta yana neman tsira. Masu binciken tarihi da dama suna ganin Janar ya ƙara wa miyarsa gishiri. Abin da ba a gardama a kai shi ne, a 1866 safiyonsa James Evans ya auna wurin, aka ga jirgi zai iya hawa da ƙafa 90 cikin mil. Mil guda ƙafa 5,280 ne, in kun raba da 90 za ku ga ƙafa ɗaya ke nan cikin kowace 59. Ƙololuwar, wadda aka sa wa suna Sherman, tana ƙafa 8,247, ba inda ya kai ta tsawo a duk hanyar.

Daga gindin hawan zuwa ƙololuwa mil talatin ne da 'yan kai, a ciki jirgi zai tashi sama fiye da ƙafa 2,000. Kan jirgin da ya jawo kaya daga Nebraska ba zai iya wannan shi kaɗai ba. Tilas a tsaya a gindi, a sha ruwa, a ɗebi kwal, a ƙara kai na biyu, a sake direba da mai zuba wuta. Inda za a yi haka kuwa sai an gina loko, da ma'ajin kwal, da tankin ruwa, da gidajen ma'aikata. Dodge ya duba, ya ga wani ɗan rafi mai suna Crow yana ratsa filin daidai wurin. A farkon watan Yuli 1867 ya kafa tantinsa a bakin rafin, ya sa aka buga turaka, aka yanka unguwanni, tituna a miƙe suna giciye juna kamar gidan dara. Har yau titunan tsohon gari ba su fuskanci gabas da yamma sosai ba, sun ɗan karkace, don hanyar jirgi suka bi. Aka sa wa wurin sunan kabilar da ake karɓe wa ƙasa.

Ƙarfe bai iso ba tukuna, amma mutane suka riga shi. Masu shimfiɗa hanya dubbai ne, galibi baƙi daga Ailan, da tsofaffin sojojin yaƙin basasa na ɓangarorin biyu, da waɗansu bayi da aka 'yanta. Sukan shimfiɗa mil biyu ko uku a yini. Duk inda leburori ke karɓar albashi kuwa, ba a rasa masu taya su kashewa. Wata runduna ce ke biye da su, ta masu giya da 'yan caca da karuwai da 'yan damfara, da tantunansu da gidajen katako waɗanda ake kwancewa a ɗora a tarago. Inda ƙarfe ya tsaya, nan za su sauke su kafa gari cikin kwana kaɗan. In ya yi gaba su naɗe su bi shi. Laƙabin da aka yi musu, in an mai da shi Hausa, shi ne Jahannama mai tafiya da ƙafar jirgi. Sun yi hunturun 1866 a North Platte, sun yi bazarar 1867 a Julesburg, sa'an nan suka kwararo Shayan.

Ran 13 ga Nuwamba 1867 ƙarfe ya iso garin. Ya tarar da mutum wajen 4,000 a wurin da wata biyar baya ba ko bukka. Tun watan Agusta sun zaɓi magajin gari, tun Satumba suna da jarida. Filin da kamfani ya sayar dala 150, ba a daɗe ba aka sake sayar da shi dala dubu, har fiye. Shi ya sa aka yi wa garin kirari da birnin sihiri na fili, don kamar da rufa-ido ya fito. Sanyi ya hana aiki a kan dutse, saboda haka duk taron nan a Shayan ya yi hunturu, ba aikin fari ba na baƙi, ga kuɗi ga bindiga. Kisan kai ya yawaita har waɗansu mutanen gari suka haɗa ƙungiya a ɓoye, suna kama wanda suka ga dama su rataye ba shari'a. Ban ce sun fi waɗanda suka rataye gaskiya ba.

Cikin taron nan har da wani baƙar fata mai suna Barney Ford, wanda aka haifa cikin bauta a Virginia ya gudu ya koya wa kansa harkar kasuwanci. Ya buɗe gidan abinci kusa da tasha, gobara ta cinye shi a 1870, ya komo a 1875 ya gina masaukin baƙi wanda ya zama na ɗaya a garin.

Da sanyi ya sauka aka koma aiki. A Afrilu 1868 ƙarfe ya kai Sherman, a Mayu ya gangara Laramie, rundunar nan ta naɗe kayanta ta bi shi. Ran 10 ga Mayu 1869 hanyoyin biyu suka gamu a Utah. Da aka ƙidaya mutane a 1870, mutum 1,450 aka samu a Shayan. Duk da haka ya yi arziki. Benton da Bear River City, waɗanda suka yi irin tashen da ya yi, yau ko kufai sai an nuna maka. Su zango ne kawai na masu aiki, aiki ya wuce suka mutu. Shayan kuwa a gindin tudu yake, tudu ba ya tashi, kowane jirgi mai zuwa yamma sai ya tsaya ya nemi taimako.

Mu komo ga masu ƙasa. Alkawarin 1851 bai yi shekara goma ba masu neman zinariya suka tattake shi. A Nuwamba 1864 sojojin sa-kai na Kolorado suka auka wa wani zangon Shayan da Arapaho a Sand Creek, mutanen da suka riga suka nemi sulhu, suka kashe fiye da 150, yawancinsu mata da yara da tsofaffi. Saboda haka sa'ad da safiyo da leburori suka shigo, cikin yaƙi suka shigo. A Agusta 1867, ana cikin yanka filayen sabon garin, mayaƙan Shayan suka ɓalle ƙarfe a Plum Creek cikin Nebraska, suka kayar da jirgin kaya suka ƙone shi. Sun gane abin da dogon nan yake nufi, kuma ba su yi kuskure ba. Hanyar ta raba ɓauna gida biyu, garken arewa da na kudu. Jirgi ya kawo maharba masu bindiga, ya kwashi fatu zuwa majemun gabas. Kafin 1889 waɗanda suka rage a daji ba su kai dubu ɗaya ba. Mutanen da aka kashe wa abinci ba sai an ci su da yaƙi ba. A yau jikokin Shayan suna zaune kashi biyu, waɗansu a Montana waɗansu a Oklahoma. A jihar da babban birninta ke amsa sunansu ba su da keɓaɓɓiyar ƙasa ko eka ɗaya.

Don tsaron hanya daga mayaƙan nan ne aka kafa barikin soja a gefen garin tun 1867, aka kira shi Fort Russell. Yaƙi ya ƙare, bariki bai tashi ba. Ya zama dutse na biyu a murhun garin, jirgi na ɗaya. Na uku gwamnati ce. A 1868 aka yanke yankin Wayomin, gwamna na farko, John Campbell, ya iso a 1869 ya zauna Shayan. In kun dubi taswira abin zai ba ku dariya, don babban birnin yana can maƙale a kusurwar kudu maso gabas, wajen mil goma daga iyakar Kolorado. Amma a lokacin kusan duk baƙin da ke yankin a bakin dogo suke, kamar tsakiya a zare. Da aka zo rabon gine-ginen gwamnati ma haka aka bi tasha tasha: majalisa a Shayan, jami'a a Laramie, kurkuku a Rawlins, asibitin masu taɓin hankali a Evanston.

A wannan gari, wanda shekara biyu baya ake rataye mutane a titi, aka yi wani abin da ba a zata ba. Ran 10 ga Disamba 1869 Gwamna Campbell ya sa hannu a dokar da ta ba mata ikon jefa ƙuri'a da riƙe muƙami, shekara hamsin kafin ƙasar Amurka duka ta yarda da haka a 1920. Dalilan 'yan majalisar sun bambanta. Akwai masu ganin adalci ne, akwai kuma masu lissafi, don maza sun ninka mata wajen sau shida, ana so sunan yankin ya fita mata su zo. Ko mene ne dalili, da Wayomin ta zama cikakkiyar jiha a 1890 ba ta yar da dokar ba, kuma a 1925 Nellie Tayloe Ross, mazauniyar Shayan, ta zama mace ta farko da ta hau kujerar gwamna a Amurka.

Sai zamanin shanu. Ciyawar da ɓauna ta bari gajera ce, amma tana da wata baiwa: takan bushe a tsaye da amfaninta, iska kuma takan share ƙanƙara daga kanta, dabba ta sami abin ci ko da hunturu. Ƙasar ta gwamnati ce, ba shinge, ba kuɗin kiwo. Aka riƙa koro shanu daga Teksas, tafiyar wata biyu ko uku, a sake su su yi ƙiba, a loda su a tarago zuwa mahautan Shikago. Makiyayan da ke wannan aiki su ne kaboyi da ake gani a siliman, ko da yake na gaskiya talakawa ne 'yan ƙodago, da yawansu baƙaƙen fata ne ko mutanen Meziko. Masu shanun kuwa a gari suke. Labarin riba ya kai Ingila da Sikotlan, masu kuɗi suka zuba jari, 'ya'yan manyan gida suka zo da kansu. A 1880 suka buɗe kulob ɗinsu a Shayan, inda ake cin abinci da tufafin biki ana shan giyar Faransa, a tsakiyar filin da ba itace. Suka gina manyan gidaje da gidan wasan kwaikwayo, suka sa fitilar lantarki tun garuruwa da yawa na gabas ba su samu ba. Har ana cewa, in aka raba dukiya bisa yawan mutane, ba garin da ya kai shi. A wannan zamani ne, 1886 zuwa 1887, kamfani ya gina babbar tashar dutse mai hasumiya, wadda ke duban ginin majalisa daga wancan ƙarshen titi, kamar masu gari biyu suna gaisawa.

Abin da kowa ke ci ba mai gyarawa, ƙarshensa sananne ne. Shanu suka fi ƙarfin ciyawa. Bazarar 1886 ta zo da fari, hunturun da ya biyo ya zo da sanyin da ba a taɓa gani ba, ƙanƙara ta daskare bisa ciyawa har kofato ba ya fasa ta. Da ta narke aka ga gawawwakin shanu jibge cikin kwaruruka. Waɗansu kamfanoni sai a lokacin suka gane cewa shanun da ke cikin littafinsu sun fi na daji yawa tun asali. Manya da dama suka karye, 'yan Ingila suka koma gida.

Waɗanda suka rage suka juya kan ƙananan mutane. Doka ta ba duk wanda ya zauna ya raya fili eka 160, masu ƙaramin ƙarfi kuwa bakin ruwa suke zaɓa, su kewaye da waya mai ƙaya, su tare mashaya. Manyan suka ce ɓarayin shanu ne, a cikinsu kuwa ba a rasa ɓarayin ba. A Afrilu 1892 mutum wajen hamsin, cikinsu har da 'yan bindiga fiye da ashirin da aka yi hayarsu daga Teksas, suka hau jirgi na musamman daga Shayan suka nufi gundumar Johnson a arewa, da takardar sunayen waɗanda za su kashe. Sun kashe mutum biyu, Nate Champion da Nick Ray. Mutanen gundumar suka yi gangami suka kewaye su a wani gidan gona, sai da soja suka zo suka fitar da su. Aka komo da su Shayan don shari'a, shaidu suka ɓace, gunduma ta kasa biyan kuɗin tsaronsu, aka sallame su ba wanda aka hukunta. Rigimar ciyawa da mashaya ba baƙuwa ba ce gare mu, sai dai a can masu garke ne ke da majalisa a hannu.

Wani abin lura shi ne yadda 'yar siririyar ƙasar nan ta yi ta ciyar da garin sau da sau. Da motoci suka fito, babbar hanyar da ta ratsa Amurka daga teku zuwa teku a 1913 ta nan ta bi. Da aka fara kai wasiƙu da jirgin sama a 1920, ta nan aka bi, don jiragen lokacin ba su iya tsallake duwatsun Kolorado, kuma direba dogo yake bi da ido don kada ya ɓata. Shayan ya zama babban zangon jiragen sama, da wurin gyaransu, a nan ma aka horar da mata na farko masu hidimar fasinja a 1930. Amma da aka ƙera jiragen da ke tashi sama da duwatsu, bayan Yaƙin Duniya na Biyu, kamfani ya kwashe aikinsa ya kai wani wuri, Denba ta gaje cinikin. Denba ɗin nan da jirgin ƙasa ya tsallake, wadda mutanenta suka tara kuɗi da kansu suka ja reshe zuwa Shayan a 1870 don kada garinsu ya mutu, yau ta ninka shi fiye da sau goma.

Jirgin ƙasa ma ya sake hali. Tsakanin 1941 da 1944 aka ƙera wa Union Pacific waɗansu kawuna 25 da ake kira Big Boy, suna cikin mafi girma da aka taɓa yi masu aiki da tururi. Tsawon kowane ƙafa 132, nauyinsa ya wuce tan 500. Ƙarshen aikinsu a tudun Sherman suka yi shi, suna kwana a lokon Shayan. Kan tururi kamar doki yake, kullum yana bukatar mai ba shi ruwa, mai kwashe toka, mai wanke tukunya, maƙeri, mai shafa mai. Kan dizal ba ya bukatar rabin wannan, kuma in an haɗa uku ko huɗu direba ɗaya ke tuƙa su. A 1953 aka buɗe sabuwar hanya mai sauƙin hawa ta kudu da tsohuwar. A 1959 Big Boy ya ja kayansa na ƙarshe. Ayyuka da yawa suka tafi tare da shi, aka rushe mafi yawan lokon. Fasinja kuma suka koma mota da jirgin sama, har ya zama tun 1997 ba jirgin fasinja mai zirga-zirga a duk jihar Wayomin. Babbar tashar nan mai hasumiya gidan tarihi ce yanzu.

To, wane irin gari ne a yau? Ƙidayar 2020 ta sami mutum 65,132, a jihar da duk mutanenta ba su kai 600,000 ba. Gari ne na ma'aikatan gwamnati da soja da 'yan reluwe, mai faɗin tituna, mai kwanciya da wuri, itatuwansa duka dasa su aka yi ana ba su ruwa. Tsohon barikin dawaki ya koma hannun sojan sama, sunansa yanzu Warren, daga nan ake lura da makamai masu linzami 150 da ke binne cikin ramuka a filin nan, har cikin Nebraska da Kolorado. Kamfanonin kwamfuta irin su Microsoft sun gina manyan rumbunan ajiye bayanai a bayan gari, don sanyi da busasshiyar iska suna rage musu kuɗin sanyaya injuna. A ganina halin garin bai sake ba tun ran da Dodge ya buga turke: abin da yake ci daga waje yake zuwa, masu yanke shawara a kansa kuma galibi suna nesa, a Omaha ko Washinton.

Sau ɗaya a shekara yakan farka. A ƙarshen watan Yuli ana bikin kwana goma na tunawa da zamanin kaboyi, da hawan dawakin da ba a horar ba, da hawan bijimai, da kama maraƙi da igiya daga kan doki, kuma ana raba wa dubban mutane waina kyauta da safe a dandalin da ke gaban tasha. Baƙi sukan ninka mutanen gari. Mai kallo zai zaci al'adar makiyaya ce tun kaka da kakanni. An fara shi ne a 1897, shekara goma bayan sanyin da ya karya masu shanu, kuma wanda ya kawo shawarar wakilin Union Pacific ne mai neman fasinja, yana so ya cika taragai daga Denba.

Jiragen kaya kuwa har gobe suna wucewa dare da rana, waɗansu tsawonsu ya fi mil biyu. A ɗan abin da ya rage na lokon kamfani yana ajiye da kawunan tururi biyu masu rai. Ɗaya, mai lamba 844, tun 1944 ba a taɓa sallamarsa daga aiki ba. Ɗayan Big Boy ne mai lamba 4014, wanda ya yi shekara fiye da hamsin a tsaye a wani filin kallo a Kalifoniya. Aka jawo shi zuwa Shayan, aka kwance shi ƙusa ƙusa, aka mai da shi mai ƙona mai maimakon kwal. A watan Mayu 2019, da hanyar ta cika shekara 150, ya fito daga loko da ƙafarsa, ya yi kuka, ya hau tudun Sherman ya nufi Utah.